Dalilin da Ya Sa Launin Bamba Yake Saɓawa da na Jikin Sabuwar Motar Lantarki

A wannan maƙala ina so mu duba wani ɗan al'amari wanda in an kalle shi sama-sama sai a ce bai taka kara ya karya ba, amma kuwa ya sha haddasa gardama tsakanin masu sayen mota da masu sayarwa a ƙasashe da yawa. Mutum ya tara kuɗi, ya sayi sabuwar motar lantarki fara, ya kai ta gida. Da la'asar ya tsaya yana sha'awarta, sai ya ga bamba ta ɗan yi ruwan madara, alhali kuwa ƙofofi da bonet fari ne fat. Nan da nan sai zuciya ta raya masa cewa an cuce shi, wataƙila motar ta taɓa yin karo aka gyara aka ɓoye masa. Wani lokaci zaton nasa gaskiya ne, amma galibi ba haka ba ne. Manufata ita ce in bayyana inda wannan saɓani yake fitowa, da yadda mai saye zai rarrabe saɓanin da ya zo daga masana'anta da wanda yake alamar ha'inci.

Motocin lantarki sun yawaita ƙwarai. A shekarar 2023 an sayar da kimanin miliyan 14 a duniya, in an haɗa da masu injin fetur waɗanda su ma ake cajinsu, fiye da rabi kuwa a ƙasar Sin. A Nijeriya ma, a 2020 an nuna motar Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. Saboda haka ya kyautu mu fahimci al'amarin tun yanzu.

Yadda Bamba Ta Koma Roba

Iyayenmu sun san Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Bambar waɗannan motoci sandar ƙarfe ce mai ƙyalli, ba a yi mata fenti. Ko motar fara ce, ko shuɗiya, bamba launinta daban, ba kuwa wanda ya taɓa tsammanin ta dace da jiki.

Daga baya al'amari ya sake. A 1968 aka fito da motar Pontiac GTO a Amurka da bamba mai laushi wadda aka ba ta launin jikin motar. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba. Gwamnatin Amurka kuma ta kafa doka cewa daga motocin 1973, tilas bambar gaba ta jure karo na gudun mil 5 a awa ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. Sannu a hankali masu ƙera motoci suka ga roba ta fi: ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, in ta ɗan lotsa tana komawa, ga ta kuma da sauƙin sarrafawa.

A yau abin da muke gani muke kira bamba murfi ne kawai na roba. Ainihin sandar ƙarfen da ke tare karo tana ɓoye a bayansa. Robar da aka fi amfani da ita sunanta folifurofilin, watau irin wadda ake yin kujerun roba da ita, sai dai ana gauraya ta da wasu abubuwa don ta ƙara taushi. Jikin mota kuwa ƙarfe ne ko alminiyam. Ke nan ana neman abubuwa biyu masu hali daban su fito da kama ɗaya. Masu iya magana kuwa sun ce, kama da wane ba ta wane.

Yadda Ake Yi wa Mota Fenti

Fentin mota hawa-hawa ne. Da farko akan wanke gangar jikin motar, a tsoma ta ɗungurungum cikin wani babban kwatarni na fentin hana tsatsa, a saki lantarki ya ja fentin ya manne a kowane lungu. Sa'an nan a gasa ta a tanderu mai zafin digiri 180 ko kusa da haka. Bayan wannan sai shimfiɗar da ke daidaita fuska, sai shimfiɗar launi, daga ƙarshe sai wata shimfiɗa garai-garai kamar gilashi, wadda ita ce take ba da sheƙi, take kuma kare launin daga rana. Waɗannan na sama ana gasa su a wajen digiri 140. Duk shimfiɗun nan in an haɗa su, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya bisa goma na milimita da ɗan ɗoriya ba, watau kamar kaurin silin gashi.

To, bamba ba ta iya bin wannan hanya. Robarta tana narkewa a wajen digiri 165, tun kafin nan ma ta riga ta yi laushi ta karkace. Don haka ake yi mata fenti daban, a gasa ta da zafin da bai kai haka ba, tsakanin digiri 80 da 120. Sau da yawa ma ba kamfanin motar ne yake yinta ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kamar Magna na ƙasar Kanada da Plastic Omnium na Faransa, wanda ya sake suna zuwa OPmobility a 2024. Sukan ƙera bamba, su yi mata fenti, su aika da ita a manyan motoci. Bamba da jiki ba sa haɗuwa sai a ranar harhaɗawa.

Dalilai Biyar na Saɓanin Launi

Na farko, fentin ba daga tukunya ɗaya ya fito ba. Ko da sunan launin ɗaya ne, lambarsa ma ɗaya, an dama shi a wurare biyu, a ranaku daban, an kuma fesa shi da injuna daban. Fentin bamba har wa yau ana ƙara masa abin da zai sa ya lanƙwasa bai tsage ba. Duk wanda ya taɓa sayen ƙarin yadi bayan wata guda don ya cika ɗinki ya san cewa bandir biyu masu suna ɗaya ba safai suke zama daidai ba.

Na biyu, abin da ke ƙarƙashi daban ne. Robar bamba baƙa ce ko mai ruwan toka mai duhu, fenti kuma ba ya kama ta sai an bi ta da harshen wuta ko an shafa mata wani abin ɗamfarawa. Tun da shimfiɗar launi siririya ce ƙwarai, haske yakan ratsa ta ya taɓo abin da ke ƙasa. Fari da ja da rawaya su suka fi barin ƙasa ta leƙo.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Yawancin fentin motocin zamani akwai ƙyalli a cikinsa. Wannan ƙyalli ƙananan ɓarɓashi ne masu faɗi kamar ɓawon kifi, amma sun fi ƙarfin ido ya rarrabe su ɗaya-ɗaya. Wasu na alminiyam ne, su ke ba da ruwan azurfa. Wasu kuma na wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle da ake kira maika, su ke ba da sheƙin lu'ulu'u. Kowane ɓarɓashi tamkar ɗan madubi ne. In duk suka kwanta shimfiɗe, sai su mayar da haske waje ɗaya, launin ya yi haske in an dube shi gaba da gaba, ya yi duhu in an dube shi a kaikaice. In kuwa suka kwanta barkatai, wasu a tsaye wasu a karkace, sai launin ya sake, ko da yake fentin bai sake ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shadda. Farar shadda zarenta duk fari ne, ba a sa mata wani launi na biyu ba, amma ga zane nan muna gani ɓaro-ɓaro. Dalili shi ne a wani wuri zaren tsaye ne a sama, a wani wuri kuma na kwance, kowanne yana mayar da haske ta nasa gefen. Haka ma karan-miski: shafa shi sama ya yi duhu, shafa shi ƙasa ya yi haske.

Me ke sa ɓarɓashin nan ya kwanta daban a kan roba? Abu biyu ne. Ɗaya shi ne bushewa. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri yana kuma sakinsa da sauri, roba kuwa ba haka take ba, saboda haka ruwan fenti ba ya ƙafewa a lokaci ɗaya a kansu. In fenti ya daɗe da danshi, ɓarɓashin yakan nitse, launin ya ƙara duhu. In ya bushe da wuri, sai ya tsaya a sama, launin ya yi haske. Ɗayan kuma lantarki ne. Kowa ya san in aka goga biro a gashi, musamman da hunturu, yakan ɗauki guntayen takarda. Roba tana tara irin wannan lantarki, ƙarfe kuwa yana zubar da shi ƙasa. A masana'anta da lantarki ake jan feshin fenti zuwa jikin mota, don haka tilas a fara shafa wa bamba wata shimfiɗa mai gudanar da lantarki. In aka sami ɗan kuskure a nan, ɓarɓashin sai ya jeru ta wata fuska daban.

Na huɗu, siffa. Ƙofa tana tsaye, bonet yana kwance, bamba kuwa a lanƙwashe take, tana fuskantar ƙasa a wani gefe, tana zagayowa a wani. Tun da fenti mai ƙyalli yana sake kama gwargwadon inda aka tsaya, to ko da tukunya ɗaya aka fesa musu, mahaɗarsu za ta nuna ɗan bambanci.

Na biyar, hasken da aka duba da shi. A darasin kimiyya mun koyi cewa a wajen 1666 Isaac Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Abin da muke kira launin abu shi ne kason hasken da abin ya mayar wa idonmu. Hasken rana da na dogon ƙwan lantarki da na fitilun titi ba haɗinsu ɗaya ba. Saboda haka fenti biyu da aka haɗa da sinadarai daban suna iya dacewa sarai a cikin shago, a fito rana su rabu. Wannan ne ya sa tela mai hankali yake fitowa bakin ƙofa da zare da yadi kafin ya ce sun dace.

Akwai kuma rawar da ido kansa yake takawa. Wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya sami ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ke maƙwabtaka da shi ne suke sa ido ya gan shi daban. Ya wallafa bayanin haka a 1839. Ido yana ƙara girman bambanci a daidai inda launi biyu suka haɗu. Bamba kuwa manne take da jiki, ba abin da ya raba su sai ɗan siririn layi.

Me Ya Sa Aka Fi Ganin Haka a Motar Lantarki?

Lantarkin da ke tuƙa motar ba shi da hannu a wannan al'amari, motocin fetur ma suna da shi. Amma akwai abubuwan da suka sa ya fi fitowa fili a motar lantarki.

Motar fetur tana da lagireto mai buƙatar iska da yawa, don haka akwai baƙar raga a goshinta, wadda take raba bamba da bonet. Motar lantarki ba ta buƙatar babbar raga. Dubi Tesla Model 3 da ta fito a 2017: goshinta duk roba ce mai fenti, ta hau har ta sadu da bonet. Wuri mai faɗi ya jeru da wuri mai faɗi, ido kuwa ya sami abin gwadawa.

Bugu da ƙari, batirin irin waɗannan motoci yana da nauyin ɗaruruwan kilo. Don a rage nauyi ta wani gefen sai a yawaita alminiyam da roba. Tesla Model S ta 2012 jikinta alminiyam ne, BMW i3 ta 2013 kuwa yawancin fatar jikinta ta waje roba ce. In aka haɗa ƙarfe da alminiyam da roba a mota ɗaya, wuraren saɓani sun ƙaru.

Sai kuma zaɓin launi. Fari shi ne launin mota da aka fi saye a duniya fiye da shekara goma a jere. A 2019 kamfanin Tesla ya mai da fari mai sheƙin lu'ulu'u launin da ba a biyan ƙarin kuɗi a kansa, mutane da yawa suka ɗauke shi. Wannan irin fari kuwa yana cikin mafi wuyar daidaitawa, domin hawa uku ne: farin ƙasa, sai shimfiɗar maika wadda haske ke ratsawa, sai ta garai-garai. In shimfiɗar tsakiyar nan ta ɗara kauri kaɗan a kan bamba, sai farin ya karkata zuwa ruwan madara.

Yadda Masana'anta Take Aunawa

Masu ƙera motoci ba su dogara ga ido kaɗai ba, don idanu sun bambanta. Maza da dama ma ba sa rarrabe ja da kore sosai. A 1976 hukumar duniya mai kula da ma'aunin haske, wadda hedkwatarta ke birnin Biyana, ta fito da hanyar bayyana kowane launi da lambobi uku. Ta farko tana nuna haske ko duhu, ta biyu karkata zuwa ja ko kore, ta uku karkata zuwa rawaya ko shuɗi. Akwai na'urar da ake ɗorawa a kan fenti ta karanta waɗannan lambobi ta kusurwoyi biyar: digiri 15, 25, 45, 75 da 110. Tazarar da ke tsakanin launi biyu ana kiranta Delta E. In tana wajen 1 ko ƙasa da haka, da wuya mutum ya lura. Kowane kamfani yana da iyakar da ya yarda da ita. To, in jiki ya karkata zuwa gefe ɗaya na iyakar, bamba ta karkata zuwa ɗaya gefen, kowannensu ya ci jarrabawa shi kaɗai, amma in an jera su sai bambanci ya bayyana.

Gwajin da Za Ku Iya Yi

Ku sami murfin gwangwani da guntun baƙar roba, ku fesa musu fenti mai ruwan azurfa daga gwangwanin feshi ɗaya, a fili inda iska ke kaɗawa. In sun bushe ku jera su, ku dube su da hantsi, da la'asar, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ku riƙa juya ɗaya kuna barin ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani.

Shawara ga Mai Saye

Ga iyayenmu da yayyenmu masu niyyar sayen mota, sabuwa ko wadda aka yi amfani da ita, ga abin da ya kamata a lura da shi.

A duba mota da rana, a wanke, a fili, kada a yarda da hasken shago. A ja da baya kamar taku biyar, a zagaya ta a hankali. In bambancin yana zuwa yana ɓacewa yayin da ake zagayawa, to aikin ƙyalli ne da siffa. In bambar gaba da ta baya da murfin madubai duk sun saɓa wa jiki ta hanya ɗaya, alama ce daga masana'anta suka zo haka. In kuwa akwai wata mota irinta a wurin, a gwada su.

Abin da ya kamata ya ta da hankali shi ne a ga ƙofa ta saɓa wa ƙofar da ke kusa da ita, domin su tare aka fesa su. Haka kuma in an ga feshin fenti a kan robar gilashi, ko layin da tef ya bari, ko ƙura a cikin fenti, ko tabon sifana a kan notocin da ke riƙe da bonet. Tsohuwar dabarar nan ta manna maganaɗisu don gano inda aka cika da foti ba ta aiki a kan alminiyam, don maganaɗisu ba ya kama shi ko lafiyayye ne.

In motar sabuwa ce kuma bambancin ya yi yawa har ana hango shi daga nesa, mai saye yana da hakkin ya yi magana. Ya nuna tun kafin ya sa hannu a takardar karɓa, a rubuta, ya ɗauki hoto da rana. Amma in bambancin ɗan kaɗan ne, ya yi tunani kafin ya nemi a sake fenti. Mai fenti ba ya iya daidaita bamba sarai sai ya watsa sabon fentin zuwa sassan da ke maƙwabtaka da ita, ke nan an taɓa fentin masana'anta mai lafiya, wanda aka gasa da zafin da gareji ba zai iya ba. Har wa yau, motoci da yawa suna da na'urar hango abin da ke gaba ko gefe a ɓoye bayan bamba, fenti mai kauri ko mai yawan ƙyallin alminiyam yana iya rage mata gani. Batirin motar lantarki kuma ba ya son zafi mai yawa, don haka kamfanoni suke ƙayyade zafin ɗakin gasa fenti. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kammalawa

Mun ga cewa bamba roba ce, jiki ƙarfe ne, an yi musu fenti a wurare biyu da zafi daban, ƙyallin cikinsu ya kwanta daban, haske da ido kuma suka ƙara nasu. Wanda ya san haka ba zai yi saurin kiran ɗan'uwansa macuci a kan abin da ba laifinsa ba, domin zato zunubi ne. Haka kuma macucin gaske ba zai rufe shi da cewa ai duk haka suke ba, tun da ya san inda zai duba. Mu kuma ɗalibai, ya kamata mu lura cewa darussan haske da zafi da lantarki da muke ɗauka na cin jarrabawa ne kawai, ga su nan a goshin kowace mota da ke wucewa ta bakin makarantarmu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.